Ranar Kasuwar Pitowa

Shekara shida na yi ina tafinta da ajiye takardu a ofishin wata lauya a nan Garwa, arewacin Kamaru. 'Yar kudu ce, Faransanci take ji da Ingilishi, sai ɗan Fillancin cinikin tumatir. Masu shigo mana kuwa Hausa ce ko Fillanci a bakinsu, don haka kujerata a tsakiya take, Metir, kamar yadda ake kiran lauya da Faransanci, a damana, mai kuka a haguna. Yawancin aikinta na waɗanda hukuma ta taɓa ne: wanda aka tsare ya wuce ƙa'ida, wanda aka daka a hannun masu kaki, wanda aka ƙwace wa kaya a shingen hanya.

A watannin farko na ɗauka gwanintar tafinta ita ce gajarta zance. Mutanenmu ba sa fara labari daga ranar da abu ya faru, daga kakanni suke ɗaukowa, ni kuma sai in tace in miƙa wa Metir jimla biyu masu tsabta, ina jin na rage mata wahala.

Wata Juma'a da hantsi wani dattijo ya zo daga unguwar Hausare, da baƙar leda a hammata. Ɗansa ɗan acaba ne, kilando muke cewa a nan. Mai babur ɗin yana binsa kuɗin aikin sati uku, shi ne ya sa aka kama shi. Baba ya yi kusan minti goma sha biyar yana magana: yadda suka yi makarantar allo da uban mai babur, yadda yaron ya yi jinyar zazzaɓi, yadda ya ɗauki wata mata da buhunan albasa ranar kasuwar Pitowa, ya dawo bayan La'asar aka tare shi a ƙofar gida. Na juya na ce wa Metir an kama ɗansa kwanakin baya kan rikicin kuɗi da mai babur.

Ta ajiye biro ta dube ni. "Sau biyu na ji ya ce Pitowa. Ina ka kai Pitowa?"

Na ce ai kasuwa ce kawai yaron ya je. Ta ce in tambayi kaina ranar da kasuwar take ci. Lahadi. Nan take ta jawo kundin dokar shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta buɗe sashe na 119 ta tura min. Tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, abin da ya haura haka sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati a rubuce. Kuma ba a ba da umarnin tsare mutum ranar Asabar, Lahadi ko ranar hutu, sai wanda aka kama dumu-dumu cikin laifi. Daga La'asar ɗin Lahadi zuwa hantsin Juma'a an haura awa 110, a kan bashi, wanda ma ba laifi ba ne da ake kulle mutum dominsa. Duk ƙarfin maganar Baba yana cikin kalmar da na zubar don in burge da iya Faransanci.

Daga ranar na daina tacewa. Na kuma gane tambayoyin Metir ba su da yawa, maimaita su take yi ta fuskoki daban-daban har ta sami abin riƙewa. Wace rana? Da ƙarfe nawa? Mutum ya ce bai da agogo, sai ta ce in tambaye shi an kira Azahar ko ba a kira ba, yara sun taso daga makaranta ko tukuna. Awar tana da nauyi saboda lissafin tsarewa yana farawa ne daga lokacin da aka shigar da mutum ofishin 'yan sanda ko na jandarmomi, kuma doka ta ce a rubuta wannan lokaci a rajistarsu. In abin da ke rajista ya saɓa da abin da shaidu uku suka gani, lauya ya sami ƙofa. Sai tambayar da ke ba mutane mamaki: 'yan sanda ne ko jandarmomi? Mu duk "hukuma" muke cewa. Amma jandarma soja ne a doka, ɗan sanda ba soja ba ne, kuma takardar koke ba hanya ɗaya take bi ba. Haka nan in an jingina wa mutum zargin ta'addanci, kamar yadda ya sha faruwa da masu zuwa mana daga wajen Marwa da Mora, dokar Disamba 2014 ce ke aiki, tsarewar kwana 15 ce ana sabuntawa, kotun soja ke da shari'ar. Wanda ya ɓoye wannan a zaman farko ya sa lauya lissafi da ma'aunin da ba nasa ba.

Ledar Baba kuwa, da muka zazzage ta a kan tebur, akwai katin rigakafin yaron na jarirai, rasit ɗin wutar lantarki, hoton aure, da takardar filin gona. Abin da ake nema, wato yarjejeniyarsa da mai babur da littafin da yake rubuta abin da ya biya kullum, suna gida a ƙarƙashin katifa. Ban ga laifinsa ba. Wanda bai yi boko ba duk takarda mai hatimi daraja ɗaya gare ta. Shi ya sa daga baya in mutum ya kira yana neman ganin Metir, nakan ce ya kwaso duka, mu za mu zaɓa, amma ya bar mana kwafi ya koma da na asali. Nakan kuma ce ya sami ɗan makaranta a gida su zauna da dare su jera abin da ya faru rana bi rana, ko da ajami ne, ni zan karanta. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mana littafin lissafin adashinta, a bangon baya ta rubuta duk ranar da ta kai wa mijinta abinci da ranar da aka hana ta ganinsa. Metir ta ce ba ta taɓa karɓar fayil mai kyan wannan ba. Sashe na 122 ya ba iyali da lauya damar ziyartar wanda ke tsare a lokutan aiki, ga shi matar ta rubuta ranakun da aka take wannan dama ba tare da ta san akwai ta ba.

Akwai abin da ya fi takarda wuyar fitowa, shi ne ɓangaren labarin da bai yi wa mai shi daɗi ba. Sai da Metir ta ga yaron da yammacin ranar sannan muka ji ashe ya jinginar da takardun babur ɗin wajen wani ya karɓi jaka goma sha biyar. Baba ya sani, kunya ta hana shi faɗa. Da ta shiga wajen mai gabatar da ƙara ba ta san wannan ba, da a gabansa za ta fara ji daga bakin abokin gaba. Tun daga nan nake buɗe kowane zama da cewa, Baba ko Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abin da kuka faɗa a ɗakin nan doka ta hana ta fitar da shi, ni ma amana ce a wuyana. Wani lokaci sai na nemi ɗan rakiya ya jira a waje, don mace ba za ta faɗi abin da aka yi mata a gaban ƙanin mijinta ba.

Maganar kuɗi kuma mutanenmu suna jin nauyinta kamar neman aure, sai a tashi ba a yanke ba, bayan wata biyu a fara zargi. A tambaya tun ranar farko: nawa ne ladan lauya, nawa ne na kotu, nawa ne na wisiye mai kai takardu da rubuta shaidar abin da ya gani, kuma a karɓi rasit. Wanda ba shi da hali ya tambayi tallafin shari'a, akwai dokarsa tun Afrilu 2009, ko da yake takardun neman sa ma aiki ne. Ni dai abin da ya fi ƙona min rai 'yan kamashon bakin kotu ne, masu kwat da jakar hannu, waɗanda za su ce maka sun san alƙali. Ƙungiyar lauyoyin Kamaru ɗaya ce tak, tana da jerin sunayen 'ya'yanta, tambaya ba ta cin ko dala. Kuma ko lauyan gaske ne, a tambaye shi ko ya taɓa riƙe ƙarar da ake yi da masu kaki, da wanda zai tsaya ranar zama, shi ko mai koyon aiki a ofishinsa. Yawancin lauyoyi a Duwala da Yawunde suke, wanda zai hawo jirgi daga can kuɗin tikitinsa a kanka yake. Duk wanda ya ce maka tabbas za ka ci shari'a tun bai buɗe ledarka ba, ɗauki ledarka.

Metir ta rubuta wa mai gabatar da ƙara a ranar, ta kuma shirya takardar neman saki nan take da sashe na 584 ya tanada a gaban shugaban babbar kotu, ko da za a yi taurin kai. Ba a kai ga shigar da ita ba, yaron ya kwana a gida ranar Litinin. Ya fito yana ɗingishi, tafin ƙafarsa a kumbure. Ta ce a wuce da shi asibiti kafin gida, likita ya rubuta takardar shaidar rauni, a ɗauki hoto, don kumburi ba ya jiran ranar kotu. Aka yi. Ta bayyana wa Baba cewa dokar laifuka ta 2016 ta hukunta azabtarwa, ana iya shigar da ƙara, amma za a daɗe, kuma ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Baba ya yi shiru yana juya hularsa a gwiwa. Sannan ya ce min, "Ɗana, gaya mata na gode. Yaron nan gobe a kan titin nan zai nemi abinci, su kuma suna bakin titin. Mun bar su da Allah."

A lokacin haushi na ji, har na so in ƙara gishiri a fassarar ko ta matsa masa. Ban ƙara ba, na faɗa mata yadda ya faɗa, har da bakin titin. Ta gyaɗa kai, ta sa takardar likitan da hotunan a ambulan, ta rubuta kwanan wata a bayansa, ta ce in gaya masa ya ajiye inda ruwa ba ya zuba, ba a ƙarƙashin katifa ba. Ya karɓa da hannu biyu ya tura cikin baƙar ledar, kusa da katin rigakafin.