Dare Guda a Nashville Tare da Makaɗan Kan Hanya

Tun ina yaro a Kaduna nake jin muryar Don Williams, mawaƙin kantiri na Amurka, a rediyon mahaifina, saboda haka da aiki ya kai ni Atlanta a Amurka, sai na ware kwana biyu na hau motar safa zuwa Nashville ta jihar Tennessee, cibiyar kiɗan kantiri, tafiyar kusan kilomita 400 wadda ta bi da mu ta Chattanooga.

Zauren Ryman na nufa. An gina shi a 1892 a matsayin majami'a, daga baya ya zama mazaunin shirin kiɗan kantiri na Grand Ole Opry daga 1943 zuwa 1974. Har yau a kan bencinan katakon masu ibada ake zama, kuma ba a kai rabin wasa ba bayana ya fara ƙorafi.

Ba manyan baƙin daren ne suka tsaya mini a rai ba, wasu matasa huɗu ne da aka ba minti talatin su share fage, ɗauke da jita da ganga da goge irin nasu da banjo. Da mai banjon ya fara kaɗawa sai tsigar jikina ta tashi, domin sautin ya yi mini kama da na gurmi. Ba abin mamaki ba ne, tun da bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa banjo da ƙwarya da fata.

Bayan an tashi na iske mai banjon a bakin wani tebur yana sayar da riguna da faifai, gumi bai ko bushe masa ba. Na tambaye shi ko tafin da aka yi musu ya biya wahala, sai ya yi dariya ya ce kuɗin rigunan nan ne ke zuba musu mai a mota. A waje kuwa manyan safa-safa masu gadaje na jiran shahararrun, a gefensu ga ƙaramar motar matasan tana jan akwatin kaya, su da kansu suke ta loda amsa-kuwa a ciki.

Na sayi riga ɗaya, ko da yake ta yi mini yawa. Sha biyun dare bai yi ba mai ganga ya kama sitiyari, suka ɗauki hanyar Memphis inda wani dandalin ke jiransu washegari.