Lagdo da Kwazazzabon Kola a kan tayil: yadda ake fitar da ruwa da dutse daga wuta

Duk wanda ya tsaya bakin tafkin Lagdo da hantsi, ko ya sauka cikin kwazazzabon Kola da rani, duka a arewacin Kamaru, ya san wurare ne da suka cancanci a ɗora su a bangon falo. Masu son ado yanzu sun fara neman hotunan irin waɗannan wurare a kan tayil, wanda mu nan muka fi sani da karo. Aikin yana yiwuwa, amma fa ruwa da dutse ba hannu ɗaya ake yi musu ba, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa suke tuntuɓe.

Lagdo madatsar ruwa ce a kan kogin Binuwai, kudu da Garwa. An fara gina ta a 1977, aka gama a 1982, da hannun injiniyoyin Sin da ma'aikatan Kamaru. Tsawon bangonta mita 308, tsayinsa mita 40, ruwan da ta tare kuma ya kai faɗin murabba'in kilomita 586. Saboda haka abin da ido ke gani a can faɗi ne: ruwa kwance, tsibirai, duwatsu jibge kan juna a nesa. Kola kuwa tana kusa da Gidar, inda kogin Mayo Luti ya daɗe yana cin dutse har ya huda shi ya yi lungu mai zurfi, bango baƙi-baƙi da ruwan toka, sumul kamar an goge da hannu. Can tsayi ake gani. Don haka allon Lagdo a kwance ake tsara shi, na Kola a tsaye. Akwai masu cusa su biyun a hoto ɗaya don wai ya fi cika ido. Ɗan Gidar yana kallo zai gane ƙarya ce, tunda kogin ma ba ɗaya ba ne.

Da tayil mai santimita 15 kowane gefe, jeri 8 a kwance da 5 a tsaye ya isa Lagdo, wato guda 40. Kada ka ce faɗinsa santimita 120 ne cif. Akwai tazarar milimita 2 tsakanin kowane biyu, guda 7 a kwance, sai ya koma 121.4, tsayinsa kuma 75.8. Wanda ya manta da wannan lissafi, ranar kafawa zai tarar gurbin da magini ya bari ya yi kaɗan. Kola kuma 4 a kwance, 8 a tsaye, guda 32. Ko wanne za ka yi, ƙara tayil 5 na ajiya da wasu 10 na gwaji.

Irin tayil ɗin ma sai an lura. Wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini ya riga ya sha ruwan gilashi, wato shafin da wuta ke narkarwa ya zama ƙyallin fuskar tayil, ba ya tsotsar komai. Ana iya yi masa zane da fentin saman gilashi a mayar da shi wuta mai digiri 750 zuwa 800, sai dai launin yakan zauna a sama, ba ya ba da zurfin da ruwa ke bukata. Wanda ya fi shi ne tayil ɗin da aka gasa sau ɗaya ba a shafa masa komai ba. Ka ɗiga masa ruwa, in ya shanye nan take, shi ne. Hoton da ake bugawa da injin zafi kuwa yana da kyau ranar farko, amma ranar Garwa ba ta barin sa, in dai a waje aka kafa shi zai koɗe.

Shimfiɗa tayil ɗin duka a kan katako, ka juya bayan kowanne ka rubuta lambarsa, A1, A2, har ƙarshe, da kibiya mai nuna sama. Da ruwan tsatsar ƙarfe ake rubutun, domin fensir da biro wuta tana cinye su, kuma tayil 40 masu shuɗi iri ɗaya ba wanda zai iya mayar da su mazauninsu da ka. Fensir a fuskar tayil yake da amfani, wajen zana hoton, tunda zai ƙone ya ɓace. Wajen zanen, kada layin da ruwa ya haɗu da sama ya faɗa daidai kan tazara, siminti zai haɗiye shi. Ka sauke shi ko ka ɗaga shi da santimita 3 ko 4. Haka kwalekwale, a tsakiyar tayil ɗaya ake ajiye shi, ba a mahaɗar huɗu ba. Gidaje da yawa ba sa son surar mai rai a bango, to kwalekwale ba kowa a ciki da raga rataye sun isa su nuna wurin masunta ne, ba sai an sa dorina ko mutum ba.

Yanzu launi, inda aikin yake. Abin da ka shafa ba shi zai fito daga tanderu ba. Garin kobalt kafin wuta ruwan hoda ne ko baƙi, bayan wuta shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Shi ya sa ake auna komai da sikeli mai nuna rabin giram, ba da cokali ba. A kowane giram 100 na busasshen garin gilashi, rabin giram na kobalt yana ba da shuɗi mai haske, giram 1 ya yi duhu sosai. Garin tagulla giram 2 zuwa 3 yana ba da kore ko shuɗi-kore, gwargwadon irin gilashin, in ya wuce 5 sai ya koma baƙi mai ƙyallin ƙarfe. Tsatsar ƙarfe giram 2 ruwan zuma, giram 8 ruwan ƙasa mai duhu. Manganis yana ba da baƙi mai ratsin makuba. In kana son launi ya rufe ba a ganin ƙasansa, ƙara giram 10 na zirkon. Kowane haɗi ka shafa shi a tayil na gwaji, sau ɗaya a gefe, sau uku a wani gefen, ka gasa, ka rubuta a littafi.

Ruwan Lagdo ba shuɗin teku ba ne, wannan kuskuren masu kwafa daga hotunan kalanda ne. Da damina yakan gurɓace ya ja zuwa ruwan ƙasa, da hunturu hazo ya sa shi fari-fari har ba a rarrabe shi da sama. Haɗin da ya fi kama da shi shi ne kobalt kaɗan, tagulla giram 1, da ɗan tsatsa don ya kashe kaifin shuɗin. Ana shafawa da buroshi mai faɗi da laushi, daga hagu zuwa dama, tayil ɗin suna haɗe da juna, hannu ya ratsa jerin gaba ɗaya ba tsayawa. Wanda ya ɗauki tayil ɗaya-ɗaya yana shafawa, ruwansa zai fito kamar dara, kowane gida da launinsa. Shafi uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Nesa ya fi haske, kusa ya fi duhu. Inuwar duwatsu a cikin ruwa kuma a tsaye ake jan ta, sannan a yanke ta da ƴan layuka a kwance, a kankare da tsinke har farin ƙasa ya leƙo.

Dutse akasin haka yake so. Bangon Kola yana da lanƙwasa da ramuka da jijiyoyin fari, kuma in ba a tsare launukan ba za su narke su shiga juna, dutse ya koma kunu. Maganinsa tsohuwar dabara ce da aka san masu tayil na Sifen da ita: a kwaɓa garin manganis da mai mai kauri, a ja siririn layi a kan iyakar kowane sashe. Gilashi da ruwa ake kwaɓa shi, ba ya tsallake mai, sai ya tsaya a gidansa. A wuta man ya ƙone, baƙin layi ya rage. A cikin kowane gida ana ɗiga gilashin ne da ƙaramar roba mai tsinin baki, kaurinsa kamar milimita 1. Ruwan toka uku sun isa, mai haske, matsakaici da mai duhu, sai rawaya-rawaya na yashin ƙasan kwazazzabon. Gilashin dutse kada ya cika ƙyalli, mai dishi-dishi ya fi. A Lagdo ma haka za a yi wa tsibirai, amma kada a ja wannan layi a cikin ruwa ko sama.

Tukunyar da matan ƙauye ke gasawa a fili da kara da kashin shanu ba ta samun zafin da wannan gilashi ke so, toka kuma za ta manne masa. Sai tanderu rufaffe, na lantarki ko na gas, mai ma'aunin zafi. A hau a hankali, digiri 100 a awa har zuwa 600, domin a 573 yashin da ke cikin yumɓu yakan kumbura farat ɗaya, gaggawa a nan ita ce tsagewa. Daga nan a ƙara sauri zuwa wajen 1,040, ko abin da aka rubuta a buhun gilashin, a riƙe minti 15, a kashe. Kada a buɗe sai ya sauko ƙasa da 100. Saman tanderu da ƙasansa zafinsu ba ɗaya ba ne, don haka tayil ɗin ruwa su shiga gashi ɗaya, a kan kantoci masu kusa da juna. In wuta ta ɗauke kafin gilashi ya narke, ba asara, a bar shi ya huce a sake daga farko.

Abin da ke ɓata aiki a ƙasarmu ƙura ce. Da hunturu tayil ya kwana a buɗe, ko an taɓa fuskarsa da hannu mai maiƙo, gilashi zai tattare ya bar tabo tsirara. A goge da danshin soso kafin shafi, a rufe da takarda bayan shafi. Ƙananan huji kamar na allura daga hawan wuta da sauri suke, ko rashin riƙewa a sama. Tsaga-tsaga kamar yanar gizo kuwa alama ce gilashin bai dace da yumɓun ba, sai a canza ɗaya. Akwai masu kawo shawarar dalmar tsohon batir don ƙyalli. Guba ce ga mai shafawa da yaran gidan, a nisance ta. Garin manganis da na gilashi ma da takunkumi ake auna su.

Wanda ba shi da tanderu ba a rufe masa ƙofa ba. Fasassun tayil masu launi da magina ke zubarwa, a yanka su da filaya, dogaye sirara a kwance don ruwa, masu kusurwa don dutse, suna fitar da Kola musamman, kuma rana ba ta cin launinsu.

Ranar kafawa bango ya zama busasshe, filastarsa ta kwana aƙalla mako 4. Da simintin manna tayil ake yi, da cokali mai haƙora milimita 6, a fara daga jerin ƙasa a kan katako da aka daidaita da ma'aunin ruwa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, simintin yana yin fata cikin ƴan mintuna, don haka a shafa na tayil 4 kawai a lokaci guda, da sassafe. Bayan awa 24 a cike tazarar. Farin siminti yana yanka hoton gida-gida, baƙi kuma yana danne sama. Ruwan toka matsakaici ya fi ɓacewa a cikin Kola, na Lagdo kuma a sa mai ɗan haske, a share ragowar da soso kafin ya kama jikin baƙin layin.