Yadda na samu rance ba ni da albashi

Sana'ata tace bidiyo, kuma ba na ƙarƙashin kowa. Mai aiki ya kawo, in yi masa, ya biya ni, mu rabu lafiya. Wani watan ayyuka su taru har in riƙa mayar da wasu, wani watan kuma ko sallama babu mai yi mini. Da kwamfutata ta fara cinye rabin yini kafin ta fitar da bidiyon minti goma, na san dole in nemi rance in sauya ta. Sai dai abu biyu ne suka tsaya mini a gaba: ba ni da takardar albashi, kuma akwai tsohon tabo a sunana. Shekarun baya wani kwastoma ya riƙe mini kuɗin babban aiki, na yi watanni ban biya kason wani ƙaramin bashi ba. Na biya daga baya, amma rubutu ya riga ya zauna.

Bankin farko ya ƙi ni a layi biyu, babu wani bayani. Ban garzaya na biyu da na uku ba, domin duk neman rance a banki yakan bar alama a tarihin bashin mutum, kuma wanda aka ga yana ƙwanƙwasa ƙofofi a jere kallon mai matsuwa ake yi masa. Sai na fara neman rahoton da su ma suke dubawa. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, tattara wa ya ci bashi, wa ya biya, wa ya makara. Manyansu a duniya su ne Experian da Equifax da TransUnion, kuma a ƙasashe da dama doka ta ba mutum damar ganin nasa rahoton.

Na tarar da abu biyu. Makarar da na yi tana nan, wata bayan wata, kuma gaskiya ce. Amma bashin da na gama biya an bar shi a buɗe, kamar har yanzu ana bi na. Na tura ƙorafi da rasit ɗin biyan ƙarshe, aka gyara. Makarar kuwa ba ta goguwa da ƙorafi: a Amurka irin wannan tabo yakan kai shekara 7 a rahoto, a Ingila 6, sai dai nauyinsa yana raguwa idan sabon tarihi mai kyau ya hau kansa. A ma'aunin FICO, wanda masu ba da rance a Amurka ke auna tarihin bashin mutum da shi, yana ba da maki daga 300 zuwa 850, biya a kan lokaci shi kaɗai ya ɗauki kashi 35 cikin 100, yawan bashin da ke kan mutum kuma kashi 30. Masu cewa a ba su kuɗi su wanke wa mutum suna, a ganina 'yan damfara ne, don kuskure kaɗai ake iya cirewa, shi kuma kai ma za ka iya nema da kanka.

Inda na sha mamaki shi ne, tabon bai dami jami'ar rance a wuri na biyu kamar yadda takardar bayanin asusuna ta dame ta ba. Ta shimfiɗa shafukan a tebur, ta ɗauki biro tana zagaye duk kuɗin da ya shigo. Nan babban kuɗi daga wani kamfani, nan ɗan abin da aboki ya mayar mini, nan makonni babu komai. Na ce mata a wannan tsakanin ma na yi aiki, a hannu aka biya ni.

Ta ce, "Malam, ban ce ba ka samu ba. Ni dai abin da zan iya nuna wa na sama da ni shi zan ƙirga."

Na ce, "To Hajiya, idan kika haɗa na shekara ai na fi wasu masu albashin."

Ta ce, "Ka fi su. Amma su na san abin da zai shigo musu ranar 28 ga wata. Kai fa?"

Ban samu rance a ranar ba, amma na fita da abin yi. Na buɗe asusu na biyu don sana'a kawai. Duk wanda zai biya ni, nan zai tura, kuma kowane aiki na rubuta masa takardar neman biya mai lamba da kwanan wata, yadda kowane kuɗi da ya shigo yana da takardar da ta yi daidai da shi. Wanda ya ba ni a hannu, ranar nake kai wa banki. Sannan na yanka wa kaina albashi: rana ɗaya a kowane wata, adadi ɗaya, daga asusun sana'a zuwa nawa. Ban yanka shi da ma'aunin watan da kasuwa ta buɗe ba, na duba watannin da suka fi muni a shekarar da ta wuce na tsaya kusa da su. Rarar watan samu tana zama a asusun sana'a ta ciyar da watan rashi. Da farko abin ya yi mini ciwo, kuɗi na kwance ina kallo ina kuma ƙi taɓawa.

Galibin masu ba da rance suna neman bayanin asusu na wata 3 zuwa 6, idan rancen babba ne kuma sukan nemi takardun haraji na shekara biyu su ɗauki matsakaici. Wasu, in shekarar ƙarshe ta fi ƙasa, ita za su ɗauka su bar matsakaicin. Nan ne mai rage abin da yake samu a takardar haraji yake kama kansa, domin ƙaramin adadin da ya rubuta shi banki zai ɗauka a matsayin ƙarfinsa. Ko bankin da ba ya mu'amala da ruwa, wanda zai sayi kayan ya sayar maka da riba bisa murabaha, waɗannan takardun zai tambaya.

Da na koma, na kai har da kwangilolin kwastomomin da suka saba dawowa, da gajeriyar wasiƙa mai bayanin abin da ya jawo tsohuwar makara da ranar da na kammala biya. Sun ce ko dai in kawo mai tsaya mini ko jingina. Na je wa yayana da maganar. Tambaya ɗaya ya yi: "Idan ka kasa fa?" Na ce, "Yaya, kai za a bi, duka, kuma sunanka zai ɓaci tare da nawa." Ya ce zai sa hannu duk da haka. Ni ne na fasa. Na ajiye wani ɓangare na rarar asusun sana'a a matsayin jingina, na kuma rage adadin da nake nema, na haƙura da kwamfutar da raina ya fi so. Masu ba da rance da yawa ba sa son jimillar abin da mutum ke biya na bashi ta wuce kashi 35 zuwa 40 na samunsa a wata. Ni na auna nawa da watan rashi, na tsaya ƙasa da haka sosai.

A duk tsawon jiran nan manhajojin rance na waya ba su daina kirana ba, ba takarda, ba tambaya, kuɗi cikin minti kaɗan. Lissafi ne ya hana ni. Idan aka ce kuɗin ruwa kashi 3 a wata, sai ka tambaya a kan me. In a kan asalin kuɗin ne har ƙarshe, to a wata 12 za ka biya 36 a kan kowane 100, alhali kullum bashin raguwa yake yi. Idan aka auna da ragowar abin da ake bin ka, ya kai kusan kashi 5 a wata, sama da kashi 60 a shekara, ban da kuɗin buɗe fayil da ake zarewa tun kafin ka karɓa. Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce: nawa zai shigo hannuna, nawa zan mayar gaba ɗaya?

Kafin in sa hannu na nemi abu biyu a rubuce. Na farko, a sa ranar biya bayan ranar da nake biyan kaina albashi da 'yan kwanaki, a riƙa cira kai tsaye. Na biyu, kada a ci ni tara idan na biya kafin lokaci. Na farkon sun amince nan take. Na biyun sai da aka kai maganar sama, aka dawo da sharaɗin cewa sai bayan wata shida na farko zan iya biyan ragowar ba tara.