Kura da shan bugu

A ƙarshen watan nan zan ajiye aikin binciken da na kama bayan digirin digirgir, wato hasashen ɓarkewar sanƙarau a ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato. Ƙannenmu masu neman irin wannan gurbi, ko na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, ko na gidauniyar Humboldt a Jamus, suna ta tambayata yadda aikin yake, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Lissafin da ake yi a kwamfuta shi ne mafi sauƙi a aikin. Ka haɗa alƙaluman ƙurar hunturu da bushewar iska da zafin bazara, manhajojin lissafi irin su R ko Python su fitar maka da zane mai kyau a wuni ɗaya. Wahalar tana cikin rajistar asibitocin karkara. Sifili a shafin wani mako sau da yawa na nufin ba a aiko da rahoto ba ne kawai, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na kiran sanƙarau annoba shi ne mutum 10 cikin 100,000 a mako guda. Sai wanda ya zauna da jami'an sa ido kan cututtuka ya san wane sifili ne na gaskiya. Ni na zauna da su.

Ni ne kuma na nuna cewa alƙaluman da suka gabaci rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara a yankin Sahel a 2010, galibinsu na sanƙarau nau'in A ne, ita kuwa annobar 2017 da ta ci Zamfara da Sakkwato nau'in C ce. Tsarin hasashen da ya koyi halin A ba zai hango C ba. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ce, "Dakta, kada ka ɓata mana lokaci." Da takardar bincikenmu ta fito, wannan batu shi ne ginshiƙinta. Sunansa na farko, na abokan hulɗarmu na ƙetare na bi masa, nawa yana can ƙasa inda ake godiya. Na ce, "Ranka shi daɗe, ina ganin an yi mantuwa." Ya ce gaba gare ni, in yi haƙuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don haka kafin ka taɓa fayil ɗaya, a rubuta jerin sunayen marubuta da wanda ke da ikon alƙaluman, a aiko maka ta imel. Kunya ba ta aiki a nan, ko da kuwa shugaban aikin ne ya duba kundin digirinka.

Sauran gajeru ne. Gwada tsarinka da shekarun da bai taɓa gani ba. Ajiye kwafin aikinka wuri biyu, ka san halin wuta. Wannan ƙwarewa kuma tana ci a ko'ina: da ita zan koma hasashen ambaliyar kogin Rima daga madatsar Goronyo zuwa ƙasa, a ƙarƙashin wata Farfesa da ta aiko min da yarjejeniyar sunaye tun ban tambaya ba.