Tirelata ta hau titi

Alhamdulillah jama'a, 'yar tirelar nan da na dame ku da zancen haɗa ta ta hau titi. Aksil (ƙarfen da ke riƙe tayoyi) da tayoyin wajen 'yan gwangwan na tsinto, ƙarfen firam kawai na saya sabo. Baba mai walda ya ƙi kama ta gaba ɗaya sai da ya ɗiɗɗiga walda ya gwada kusurwa zuwa kusurwa da igiya, wai in ta karkace taya gefe guda za ta ci, aksil ma ya ɗan ja shi baya don nauyi ya kwanta gaba kar ta riƙa lilo a gudu. Man janareta ne ya cinye ni wallahi. Gobe za ta kai masara kasuwar Muda Lawal, fenti kam sai albashi.