Abin da na koya a kan tumatir da fumfuna

Tumatir ba ya zaman jiran magani. Da zarar fumfuna ta shiga ganyensa ko saiwarsa, sai ya zubo sinadaran da ake kira inzayim a tsakanin ƙwayoyin jikinsa. Biyu muka fi sha a ajin cututtukan tsirrai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wato kaitines da gulukanes. Da kaitin da gulukan aka gina bangon jikin fumfuna, waɗannan inzayim kuwa aikinsu narkar da shi, musamman a bakin zaren fumfuna da ke tsiro, inda bangon bai yi ƙwari ba. A kwanon gilashi na ɗakin gwaji, in aka haɗa inzayim biyun aka zuba wa fumfuna, bakin zaren kumbura yake yi ya fashe.

To in haka ne, me ke kashe tumatir a fadamar Kwalkwalawa ta Sakkwato? Nan karatun ya fara yi mini daɗi. Ita ma fumfuna da shirinta take zuwa. Cladosporium fulvum, mai ɓata ganye, tana fitar da wani furotin, Avr4, wanda ke lulluɓe kaitin ɗinta kamar sulke, kaitines ya rasa wurin cizo. Wani kuma, Ecp6, ɓurɓushin kaitin da ya zube yake tsincewa, don da wannan ɓurɓushin shuka ke gane an shigo mata. Masu bincike a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ne suka bayyana aikinsa a 2010. Tun daga nan, duk sakamakon da aka nuna mini daga kwanon gilashi sai na tambaya ko an gwada shi a jikin shuka.

Wadda ta fi damun mu dai Fusarium ce, mai son ƙasa mai zafi, zafi kuwa ba a faɗa wa Basakkwace. Tana da inzayim ɗinta da ke karya tomatin, dafin da ke cikin ganye da ɗanyen tumatir. Ta saiwa take shiga ta toshe jijiyoyin ruwa. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, sau da yawa gefe guda, shuka ta yi yaushi ko da komi cike yake da ruwa. Tsaga karan da wuƙa, za ka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa.

Wani dattijo mai noman rani ya miƙo mini irin wannan kara ya ce, "Ɗan nan, wane magani zan fesa?" Na ce, "Baba, feshi ba ya kai wa nan. Cutar tana ciki, kuma takan yi shekaru a ƙasa." Bai ji daɗi ba, ya riga ya sayi maganin.

Abin da ke aiki shi ne iri mai juriya, da tuge wadda ta kamu, da sauya wurin dashe. Shi ma irin sai an duba, don Fusarium ɗin tumatir kashi uku ce, ta ukun a Ostireliya aka fara ganin ta a 1978, bayan an samar da iri mai jure biyun farko. Saboda haka in mai shago ya ce iri na da juriya, a karanta bayan fakiti a ga wace daga cikin ukun ake nufi.