Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Saurayin da ke jikin bango

A makon jiya na tsaya ne a inda na bar ɗakin kwanan ɗalibai a Kobe, na koma gidan wata dattijuwa mai ba ɗalibai mata hayar ɗaki a garin Takarazuka, jihar Hyogo. Okasan nake ce mata, wato Inna. Ita ta ce in kira ta haka tun ranar da na shigo da akwatina.

Tafiyarta ce ta fara ɗaukar hankalina. Matan Japan sa'anninta taku ƙanana suke yi, kai a ɗan sunkuye. Ita kuwa takunta mai faɗi ne, kafaɗa a buɗe, murya can ƙasa. In ta zauna takan ware gwiwoyi, sai kuma ka ga ta tuna da wani abu ta haɗe su da sauri. Ban tambaya ba. Baƙo idonsa ne ke aiki, ba bakinsa ba.

Wata Lahadi ina taya ta goge-goge, na tsaya gaban wani hoto a falo. Saurayi ne dogo cikin baƙar kwat mai jela, gashi a kwance, hannu ɗaya a aljihu.

"Okasan, maigidanki ne lokacin samartaka?"

Ta yi dariya har ta dafa bango. "'Yata, ƙara dubawa. Ni ce."

Na duba idanun hoton, na duba nata. Wallahi ita ce.

Ranar shara ba ta ƙarasu ba. Ta zaunar da ni ta ba ni labarin gidan wasan da nake wucewa kullum a bakin kogin Muko ban san me ke ciki ba. Wani ɗan kasuwa, Kobayashi Ichizo, mai kamfanin jirgin ƙasa na Hankyu, shi ya kafa ƙungiyar wasan 'yan mata ta Takarazuka a 1913 domin mutanen Osaka su sami dalilin hawa jirginsa har ƙarshen layi. A 1914 'yan matan suka yi wasansu na farko, a wani kwamin wanka da aka mayar dandali. Daga nan har yau mata zalla ne ke hawa. Mai fitowa a namiji ana ce mata otokoyaku, mai fitowa a budurwa kuma musumeyaku. Rukuni biyar gare su: Fure, Wata, Dusar Ƙanƙara, Tauraro, da Sararin Samaniya, wanda shi ne auta, na 1998.

Ta ce tana yarinya, a 1974, aka kai ta kallon wasan Furen Basai, labarin fadar Faransa gab da juyin juya hali, wasan da ya girgiza Japan a lokacin. Ta koma gida ta ce wa mahaifiyarta ita fa ta ga aikinta. Makarantar ƙungiyar 'yan mata wajen 40 take ɗauka a shekara, masu shekara 15 zuwa 18, kuma ita sai a zama na biyu ta ci jarrabawa. Shekara biyu ake yi ana koyon waƙa, rawa da wasa. 'Yan ajin farko su ke share makarantar da sassafe, kowace da kusurwarta. Nata rabon tagogin ɗakin rawa ne, har ta nuna mini da yatsa yadda take bin lungun ƙarfen taga. A zamaninsu in jirgin Hankyu ya wuce sai su rusuna masa, domin wataƙila akwai wata yayarsu ta makaranta a ciki.

"Akwai maganar da muke yi," in ji ta. "Otokoyaku sai ta shekara goma kafin ta nuna."

Shekara goma ana koyon yadda namiji ke tsayawa, yadda yake juyowa in an kira shi, yadda yake miƙa wa mace hannu. Takan zauna a jirgi tana kallon yadda maza ke riƙe jarida. Ko an tashi daga wasa ba ta sa siket, wando da gajeren gashi ne har kasuwa, domin masoyanta na iya ganinta a ko'ina. Ba ta taɓa zama babbar tauraruwa ba, a layi na uku ko na huɗu take rawa, kuma ta faɗi haka ba tare da wani ɗaci ba.

Na san abin da ke ran wasunku, domin ni ma ya zo mini: mace da shigar maza. A tarbiyyar da na taso, wannan ba abin wasa ba ne, kuma ban ɓoye mata ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce in je in gani da idona tukuna.

Bayan mako biyu muka tafi. Muka bi Hana no Michi, Hanyar Fure, daga tasha zuwa ƙofar gidan. Ɗakin kallon yana cin mutum sama da 2,500, kuma duk inda na waiga mata ne: kakanni, matan aure, 'yan makaranta. Babu wadda ta tsura wa hijabina ido. Japanancina bai kai ya kama rabin zancen ba, amma ƙarshen wasan bai buƙaci harshe ba. Wata matattakala mai hawa 26 ta bayyana, faɗinta ya kusan cika dandalin, suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, babu mai kallon ƙafarta. Daga ƙarshe babbar tauraruwa ta sauko ɗauke da gashin tsuntsu a bayanta, ya yi mata rumfa. Na juya zan yi wa Okasan magana, sai na ga ƙafarta tana taka ƙasa a hankali, tana ƙirga hawan tare da su.

Da muka fito na ga masoya a jere, sanye da gyale iri ɗaya, suna jiran tauraruwarsu. Da ta ɓullo, na gaba suka durƙusa domin na baya su gani. Ba ihu, ba turereniya. Ta karɓi wasiƙunsu ɗaya-ɗaya ta wuce.

Da daddare Okasan ta ciro wani akwati daga saman kabad. A ciki akwai wani koren buje mai faɗi da ake ce wa hakama, an naɗe shi cikin farar takarda. Shi ake sawa ranar ban kwana, a sauko matattakalar nan a karɓi furanni a yi wa jama'a sallama. Mai aure ba ta zama a ƙungiyar, saboda haka da ta amsa wa maigidanta, shekara 11 da fara hawa dandali, dole ta ajiye aikin.

"Ina fara iyawa ke nan," ta ce, tana shafa ƙyallen. "Shekara ɗaya kacal na ci moriyar goman nan."

Ta ce watan farko na aurenta, surukarta ce ta koya mata tafiya cikin siket. Ta faɗi haka tana murmushi, ni kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido, domin a daidai makon ne wasiƙar Baba ta iso, yana cewa mutanen da suka zo gaisuwa sun dawo, suna tambayar yaushe zan gama.

Na ɗauko wasiƙar daga jakata na ajiye kusa da akwatin. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Karanta mini, sannu a hankali."

Abin da ta ce bayan na karanta, da amsar da na aika gida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.